Ba da Yawunmu Ba

Lauyar ƙungiyar ma'aikatan gidajen burodi ta ajiye takarda a gaban Sakatare, ta ɗora biro a kai.

"Baba, layi uku ne kacal. Ka ce yajin aikin nan ba da yawun uwar ƙungiya aka yi shi ba. Kana sa hannu, ƙarar ta bar kanmu, ta koma kan shugaban reshe shi kaɗai."

Sakatare bai taɓa biron ba. Shekara ashirin ya yi a bakin tanderu kafin a ba shi wannan kujera, har yau gashin hannunsa bai dawo ba. Shi ya kafa dokar da kowane mamba ya haddace: ba a shiga yajin aiki da kwaɓi a ƙasa. Ka gasa abin da ka kwaɓa, sannan ka kashe wuta. Ita ce reshen ya take. Fulawa buhu goma sha biyu aka kwaɓa aka bari, ta kumbura, ta yi tsami, ta malalo har bakin ƙofa. Mai gidan burodin kuwa ya tsallake reshen, ya maka uwar ƙungiya a kotu.

"A shigo min da shi," in ji Sakatare.

Shugaban reshen ya shigo da hula a hannu. Kunkuru ake kiransa don zolaya, domin bai taɓa yin abu a hankali ba. A hannun Sakatare ya koyi murza kwaɓi.

"Ɗan kuka, ka ja wa uwarka jifa! Abinci ka wulaƙanta, Kunkuru. Ni na koya maka haka?"

"A'a, Maigida."

"Da wannan ƙaton kan naka, ba ka iya jira awa biyu ba?"

"Maigida, murfin tanderun ne ya sake faɗowa. Wannan karon a kan hannun Dattijo, mai jera gwangwanin burodi. Da na ga fatar ta saluɓe, wallahi ban tuna da wani kwaɓi ba." Ya murza hular. "Kuma wasiƙa uku muka aiko kan murfin nan."

Sakatare ya san inda wasiƙun suke. Ya ja aljihun tebur, ga su a ƙarƙashin kwalin shayi, biyu ko buɗe su bai yi ba. Mutum ya fi saurin ganin kwaɓin da wani ya bari ya lalace a kan wanda ke tsami a ɗakinsa.

Lauya ta leƙa, ta dafe goshi. "Baba, rufe. Ban gani ba."

"Kin gani, 'yata. Ni ma na gani." Ya tura mata takardarta. "Ranar taro 'yan reshen nan ne ke cika mana fili, mu ɗauki hoto mu ce namu ne. Ranar kotu kuma mu ce ba mu san su ba? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Alƙali ba ya cin karin magana, Baba. Za mu sha wuya."

"Mu sha. Rubuta cewa reshe namu ne, ɓarnarsa tamu ce. Ki haɗa da wasiƙun nan, a ga ranar da suka iso da ranar da na buɗe su."

Kunkuru ya durƙusa zai yi godiya.

"Tashi, ban gama da kai ba! Na dakatar da kai wata uku. Kullum da safe kai za ka kai Dattijo wankin ciwo."

"Na yarda, Maigida. Kai kuma wa zai dakatar?"

Lauya ta ƙunshe dariya. Sakatare ya harare shi, ya daɗe yana hararar, sannan ya juya gare ta.

"Sa maganar a ajandar taron majalisar ƙungiya. Ki fara da sunana."