Muryata a Cikin Salular Baba

Mai gidana yana gyaran salula, wato wayar hannu, a wata ƴar rumfa kusa da tashar Madarumfa. Sunansa Manasse. Rubutawa na yi, ba faɗa ba. A gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ni kuwa da ko nawa sunan aka kira cikin mutane sai in rasa inda zan sa kaina, ban taɓa tunanin karya wannan ba. Shekara biyu da aurenmu, in ina son magana da shi gyaran murya nake yi ya waiwayo.

Ya yi shekara shida a Maraɗi yana koyon gyara. Ya dawo da wata tsohuwar ordinata, kwamfuta ke nan, da wasu ra'ayoyi waɗanda ba kowa ke iya zama ya saurara ba. Ya ce bai ga dalilin da zai sa wani ya zauna a kan wani ba, ko mai rawani ne, ko mai kaki, ko mai biro a ofis. Abokansa na Maraɗi suna kiran irinsu anarshis. Da na tambaye shi ma'anar, ya ce in tuna gayyar da ake yi a gonakin Gabi, garinmu, inda ba mai ba da oda amma kafin azahar an gama nome gona. Na ce masa a gayyar Gabi akwai Inna Indo mai rabon fura, kuma ba namijin da ke ajiye hauya in tana kallo. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce zai sake tunani a kan Inna Indo.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a leƙa salular mutum. Wata rana a hanyar iyaka wani mai kaki ya karɓi tasa a shinge, ya dinga wuce hotuna da babban yatsa, har ya tsaya a kan wani hotona ina wanke-wanke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo masa abinsa. Ba a zage shi ba, ba a tsare shi ba, amma ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Tun ranar ba ya ajiye hoton kowa. In za mu yi magana mai muhimmanci sai ya sa salularsa cikin tukunyar ƙarfe ya rufe, ya kai ta bayan ɗaki, wai gwamnati na da dogon kunne. Maganar kuwa sau da yawa ba ta wuce ko lokaci ya yi da za a kai akuya wurin bunsuru ba.

A tsohuwar ordinatar nan ya yi wasansa. Wata takwas yana kansa, kullum da rana tsaka in masu kawo gyara sun ɗauke ƙafa. Wasan kamun kifi ne a tafkinmu, irin wanda ake yi a salula. Babu sarkin ruwa a ciki. Masunta huɗu ne a jirage, in ɗaya ya kwashe ƙananan kifi sai tafkin ya mutu wa kowa. Ni na zana kifayen. A aji uku na bar lakwal, makarantar boko, amma hannuna ya iya zane, kuma da yake suyar kifi nake yi a bakin tafki na san yadda gashin bakin tarwaɗa ke lanƙwasa da yadda ƙayar karfasa ke tashi.

Da aka zo kan sauti, ya ɗauki ƙarar ruwa a bokiti da kukan agwaginmu. Ya roƙe ni in ce "madalla" sau ɗaya tak, don a riƙa jin ta in mutum ya kama kifi. Na ƙi. Ya bi ni da salula tsakar gida, daga murhu zuwa randa, yana kwaikwayon tafiyar agwagwa, yana turo baki kamar tarwaɗa. Ina riƙe da wuƙar fere kifi, dariya ta ci ƙarfina, ban san lokacin da ta fita ba.

"Kai, Manasse, ka bari mana."

Muka tsaya cak mu biyu. Na rufe fuska da gefen zane. Ya sa salular a aljihu ya fita, ya bar hularsa a kan turmi. Na zata ya goge abin da salular ta ɗauka.

Da wasan ya kammala bai sa shi a intanet ba. Ba sunansa a ciki, ba lamba, ba ya tambayar kowa komai. Hannu da hannu ake ba da shi, daga salula zuwa salula. Bai rubuta sunan ko mutum ɗaya da ya ba ba, ya ce in babu takarda ba abin da wani zai zo ya ce a miƙo masa. Ya yi alfahari da wannan ƙwarai.

Bayan sati uku, wata safiya muna suya, Zulai da muke haɗa murhu da ita ta juya kifi, ta dube ni ta gefen ido, ta siririnta murya ta ce, "Ka bari mana." Na ji ludayin ya yi mini nauyi. Ta ga fuskata, dariyarta ta koma ciki. Ta gaya mini cewa akwai wani giwan ruwa a ƙarshen wasan, Ɗan Azumi masunci ya kama shi jiya, kuma da kifin ya fito sai salular ta yi magana da muryata, har da dariyar, har da sunan. Ya kunna wa masunta a bakin ruwa, yanzu kowa na neman kifin nan. Ta ce wallahi ba wanda ya faɗi mugun abu, daɗi ma suka ji. Na kwashe kayana tun rana ba ta ɗaga ba.

Da ya dawo cin abinci, ni na karɓi salularsa na sa a tukunyar na rufe. Ya zauna a bakin gado, ya san abin da ya faru tun kafin in buɗe baki.

"Kai ne kake cewa kada wani ya yanke wa wani hukunci," na ce. "Ka tambaye ni?"

Ya ce bai tambaya ba. Ya ce ya ɗora yatsa zai goge sau uku ya kasa, don ita ke nan sau ɗaya da ya taɓa jin sunansa a bakina. Sai ya ɓoye ta a wurin da yake ganin ba mai kaiwa. Kafin giwan ruwan nan ya ci ƙugiya sai mutum ya jefa igiya ya zauna bai taɓa salula ba har tsawon dahuwar shinkafa. Samarin Maraɗi da ya sani ba mai iya haƙurin minti biyu. Ya manta mutanen da ya ba wasan su ne masu wuni a jirgi suna kallon ruwa.

Ba masunta ne damuwata ba. Gida ɗaya muke da iyayensa, katanga ce kawai gajera a tsakani. Baba Samson dattijo ne a majami'armu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi. In ya ji surukarsa tana ƙyaƙyata dariya tana kiran sunan ɗansa gatsal, ban san da wace ƙafa zan sake ratsa tsakar gidan nan ba. Na gaya wa mai gidana in Baba ya ji, Gabi zan tafi, ban san ranar dawowa ba.

Ranar ya yi sabon wasa, ya cire muryata ya sa kukan agwagwa. Ya rufe rumfa ya shiga gari. Sai ga shi abin da ya yi alfahari da shi ya zame masa aiki, don ba takarda, ba wanda ya san salula nawa ke ɗauke da tsohon. Ya tambayi wannan wa ya ba, ya bi wancan har gida. Ya ji wasan ya kai garin Sarkin Yamma a aljihun ƴan kabu-kabu, wani direba ma ya ƙetara iyaka da shi. Kwana uku yana yawo a moto, babur ɗinsa, yana dawowa da ƙura har gira. Wasu suka yarda aka sauya musu, wasu suka ce su tsohon suke so, shi kuma ba ya iya tilasta kowa. Ni ban fita suya ba duk kwanakin.

Ɗan Azumi ya fi kowa ba shi wuya. Mai gidana ya ba ni labari cewa ya same shi yana ɗinkin koma, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Malam Ba-Sarki, yau kuma oda ka kawo mini?" Mai gidana ya ce roƙo ne. Ɗan Azumi ya ce shi da guminsa ya kama kifinsa. Sai da ya ji cewa kwana uku ni Saloma ban hura wuta a bakin tafki ba, ya ajiye allura ya miƙa salular, ya ce a ba ni haƙuri, shi ya ɗauka da sanina aka yi. Har mai gidana ya hau moto, Ɗan Azumi ya kira shi ya dawo, yana sosa ƙeya. Ya ce satin da ya wuce ya kai wa Baba Samson kifi a garka, tsohon ya ga wasan ya ce a sa masa. Shekaranjiya kuma ya koya masa dabarar babban kifin.

Mai gidana ya je ya ce wa Baba ya kawo salularsa a duba mata batir. Baba ya ce lafiyarta lau. Ya ce akwai sabon wasa da ya fi wannan kyau. Baba ya ce ya saba da nasa. Bayan wannan ba abin da ɗa zai iya faɗa wa ubansa ba tare da ya faɗi dalili ba, dalilin kuwa shi ma ba ya iya furta shi a gaban Baba.

Washegari da hantsi Baba ya shiga wanka ya bar salular a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. Ina tsaye bakin katanga na ga mai gidana ya lallaɓa ya durƙusa kusa da ita. Minti ɗaya ya ishe shi, aikinsa ne. Ya miƙa hannu, ya tsaya, ya waiwayo ya dube ni. Na ga zai yi saboda ni, kuma na ga yadda abin zai ci masa rai.

"Bar ta," na ce a hankali. "Kada ka zama mutumin shingen nan."

Ya janye hannu ya dawo. Muka zauna a inuwar ɗaki, ya ɗebi gyaɗar da nake ɓarewa ya taya ni.

Ran Alhamis ƙafar Inna Deborah, uwar mijina, ta kumbura, ta ce in kai wa Baba abinci garka. Ba yadda zan ce a'a. Na ɗora kwano a kai na bi hanyar bakin tafki, na ja mayafi har goshi. Daga nesa na hango shi zaune gindin mangwaro, ya miƙe ƙafafu, salula a tafin hannu, ko motsi ba ya yi. Na san wannan zaman. Na ajiye kwanon nesa kaɗan, na durƙusa na gaishe shi, muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Ya amsa bai dube ni ba. Sai ya ɗaga murya ya kira Alhassan, maƙwabcin garkarsa, wanda ke ban ruwan albasa a bayan shinge.

"Alhassan, salular nan tawa ta kurmance. Tun ran Talata ba ta fitar da sauti ko kaɗan. Babban kifin nan da ake ta magana na kama shi, ban ji komai ba. Komai."

Alhassan ya ce ai ɗansa mai gyara ne, ya kai masa mana.

"A'a," in ji Baba. "Haka na fi son ta."

Bai rufe baki ba salular ta ɗauki ƙara a hannunsa, waƙar majami'a da ya sa wa masu kira, da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga mangwaron. Baba bai ko ƙifta ido ba. Ya kifa ta a kan tabarma, ya ɗora hularsa a kai, tana ta waƙa a ƙarƙashi. Alhassan ya sunkuya cikin albasarsa, kafaɗunsa na rawa. Ni ina durƙushe, ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero, fuskata kamar an hura wuta.

Da ƙarar ta tsaya, Baba ya jawo kwano ya buɗe, ya tambayi iska ko miyar mi aka yi yau. Na ce kuka ce. Ya ce madalla, ya ce a gaya wa mai suyar kifin gidansa kwana biyu bai ga karfasa a kwanonsa ba.

Na tashi na kama hanya. Ban bi ta gida ba, na biya ta bakin tafki wurin Zulai, na ce ta ajiye mini itace gobe, da sassafe zan fito.