Yashin Asaba

Leonard ya sauka a tashar Kafanchan da jaka ɗaya, ba komai a cikinta sai tufafinsa da wata gorar roba cike da yashi. Tsohon malamin makaranta ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ba 'ya'yan mutane amsa, yau ga shi zai shiga gidansu ba shi da ta ba uwarsa.

Yana cikin uwarsa ubansa Andarawus ya hau jirgin ƙasa a garin nan ya tafi yaƙin basasa. Bai dawo ba, gawarsa ma ba ta dawo ba. Waɗanda suka tsira sun ce a Asaba suka yi masa ganin ƙarshe. Uwarsa, Mama Keziya, ta tsufa da buri ɗaya tak: a kawo ƙasusuwan mijinta a binne a bayan gida, inda ake binne mutanen gidansu, ita ma in ta tashi a kwantar da ita a gefensa. Da ta fara kasa tashi daga gado, Leonard ya daina cewa sai baɗi, ya kama hanya.

Ya taka maƙabartun Asaba har ƙafarsa ta kumbura. A ƙarshe wani tsoho mai kwalekwale ya kai shi bakin Kwara, ya nuna masa tsakiyar ruwa. A can, in ji shi, aka buɗe wa jiragen da ke tsallakar da sojoji wuta, kogi ya tafi da su. Ya ƙara da cewa shi ma nasa uban a cikin garin aka harbe shi, kuma masu irin kakin uban Leonard ne suka yi. Leonard ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohon ne ya durƙusa da kansa ya cika masa gorar.

Bai iya faɗa wa kowa a waya ba, cewa kawai ya yi yana hanya. Ai kuwa da ɗan acaɓa ya ajiye shi a ƙofar gidansu a Manchok, sai ya tarar an gama shirin jana'iza. Ga matan zumuntar ikilisiya a kan bencina da anko ɗinsu, ga jar ƙasa tsibi guda a bayan gida, ga sabon akwatin gawa yana ƙamshin katako. Mama Keziya ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ɗanta zai je ya dawo hannu wofi ba. Ita ta sa samari suka haƙa, har tana yi musu faɗa su ƙara tsawo, don mijinta dogo ne.

Ya same ta a zaune an jingina ta da matashi, ta ɗaura sabon zane.

"Ina Baban naka?"

Ya durƙusa ya fito da gorar. "Mama, ruwa ne ya ci su. Babu kabari. Wannan yashin wurin ne."

Tausayinta ya kama shi har ya fashe da kuka, furfura da komai.

Wani dattijon ikilisiya ya leƙo ya ce a hankali, "Mama, kin san kabari ba ya kwana a buɗe. Mu sa yashin a akwati, fasto ya yi addu'a, mu rufe."

Ta miƙa hannu ta karɓi gorar. Ta buɗe, ta zazzage yashin a cinyarta, ta dinga shafa shi da tafin hannu, tana tsince 'yan ƙananan ɓawon koɗi tana mayarwa cikin yashin. Sannan ta tattara bakin zanenta ta ƙulle shi tam.

"Ku sare kututturen ayaba ku sa a ramin a madadin gawa," in ji ta. "Tun ina yarinya nake jiran mutumin nan. Yau ya shigo gida, ku ce in miƙa shi waje? Ku bar mini shi. Ranar da za ku ɗauke ni, kada wanda ya kwance ƙullin nan."