Ledar Gishiri a Bakin Taga

Ranar da maigidana ya sake shigowa da ledar gishiri, ban yi masa faɗa ba. Kada a ɗauka haƙuri ne da ni, Inna ce kishingiɗe a falo tana kallonmu. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," na shige kicin na tsaya riƙe da ledar. Madara na aike shi. Kuma a satin nan kaɗai wannan ba shi ne gishiri na farko ba.

Bari in faɗi yadda muke cefane a gidanmu, don kada a ce mahaukata ne mu. Malam dako yake yi a wani babban sito na kayan gini. Kusa da siton akwai kasuwar da komai ya fi araha, shagon bakin layinmu kuwa ko albasa ka taɓa sai ta ƙone maka hannu. Don haka shi ke sayo komai a hanyarsa ta dawowa. Sai dai bawan Allahn nan kansa rariya ce. Ka gaya masa abu a bakin ƙofa, kafin ya kai titi ya zube. Takarda kuma gumi ke cinye ta a aljihunsa, waya ba a barinsu su shiga da ita wajen aiki. Shi ya sa tun muna amarci muka yi dabara: duk abin da ya ƙare, sai in ajiye mazubinsa a bakin tagar kicin. Gwangwani ne, kwalba ce, leda ce, da asuba sai ya kwashe ya zuba a jakarsa, in ya je kasuwa ya duba ya sayo irinsu. Ba magana, ba mantuwa. Shekara da shekaru dabarar nan ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Inna mahaifiyata ce. Ta zo wajenmu ne saboda wani ƙari da aka gano a cikinta, aka ce sai an yi aiki. Ranar da muka fara zuwa asibiti likita ta ja ni gefe ta ce jinin Inna ya yi ƙasa sosai, ba za su taɓa ta da wuƙa a haka ba. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba, a haɗa mata da ƙwai, da madara, da hanta, da ganye, mu dawo bayan wata guda a sake gwadawa.

Na ce to. Me zan ce? A lokacin an rage wa su Malam kwanakin aiki, ni kuma gugar da nake yi wa mutane ta ja baya, kowa ya koyi goge rigarsa da kansa. Hannu baka hannu ƙwarya muke. Amma wannan bai dame ni ba kamar halin Inna. Matar nan in ta ji ƙanshin ta zame wa wani nauyi, ko ruwansa ba za ta ƙara sha ba, za ta ɗaure kayanta ta koma gida da ƙarinta a ciki. Ta taɓa yi wa yayana haka a kan sabulu. Saboda haka na ce wa Malam, ko me za a yi, kada Inna ta san halin da muke ciki, kuma kada ta san likita ce ta rubuta mata abincin. Mu nuna mata haka muke ci kullum, mu 'yan gayu ne.

Na zauna na tsara watan a kaina. Mu biyu shinkafa da wake, rannan wake da shinkafa, in an gaji taliya da ɗan mai. Shayinmu ba madara. Abin da ya rage duk na Inna ne: ƙwai da safe, madara da yamma, hanta in an samu hali. Ita nake fara zuba wa a falo, mu kuma mu ci a kicin a tsaye. In ta ce, "Auta, ku ina naku?" sai in shafa ciki in ce ai mun riga ta, har mun gaji da ƙwai.

Satin farko komai ya tafi daidai. A na biyu ne abin ya fara.

Na ajiye gwangwanin madara, Malam ya kawo gishiri. Na ce ajizanci ne. Na ajiye kwalin ƙwai, ya kawo ashana. Na ajiye ledar da mahauci ke sa mana hanta, na wanke ta tas na ninke, ya dawo mini da soson wanke-wanke guda biyu yana murmushi, wai an yi masa ragi.

Gidan namu ɗaki ne da falo, bangon kuwa ko tari ka yi an ji. Faɗa sai da raɗa, kuma duk wanda ya taɓa yin faɗa da raɗa ya san ba ya kashe ƙishi. Na ja shi bayan ƙofa na ce, "Malam, don girman Allah, kanti za mu buɗe? Me zan yi da gishiri?"

Ya ce, "Abin da kika ajiye na sayo."

"Madara na ajiye!"

Ya buɗe jakarsa ya zaro ledar gishiri, wayam, a ninke irin ninkina. Ya ɗaga ta a gaban idona ya ce, "Wannan madara ce?"

Na kalli ledar, na kalle shi. Tamu ce, har da yankan da nake yi mata a kusurwa. Na koma kicin da gudu na duba, gwangwanin madara ba ya bakin taga, ba ya kwandon shara, ba ya ko'ina. Gishiri kuwa ga shi cike da wata tsohuwar kwalba da ban tuna na zuba ba.

Daga nan kowa ya zama abin zargi. Na zargi ɓera, sai na tuna ɓera ba ya ninke leda. Na zargi maƙwabciyarmu mai kitso, don tagarmu tana kallon igiyar shanyarta, har na kwana biyu ina amsa gaisuwarta ciki-ciki, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na zargi Malam, na ce ko kuɗin ne yake karkatarwa yana rufe ni da kayan araha. Da na faɗa masa haka sai ya juya aljihunansa waje, ya nuna mini tafin takalminsa da ya huje, don a ƙasa yake dawowa ya tara kuɗin mota. Na ji kunya har cikin ƙashina. Da kowa ya ƙare sai na koma kan kaina. Na ce shi ke nan, yunwa ta fara taɓa mini ƙwaƙwalwa.

Na gwada gaya masa da baki. Na riƙe masa riga na ce, "Ƙwai. Maimaita." Ya ce ƙwai. Da yamma sai ga shi da ashana. Ya ce ya san na faɗi wani abu, amma da ya buɗe jaka ya ga kwalin ashana sai ya ce to wannan ne, ai jaka ba ta ƙarya. Na rasa abin da zan jefe shi da shi, duk abin da hannuna ya kai gare shi gishiri ne.

Dole na riƙa zuwa shagon bakin layi ina sayen ƙwai ɗaiɗai da tsadarsa. Kowane ƙwai daga cikin wakenmu yake fita. Tsarin da na yi ya wargaje, na rasa gane me zai kai mu ƙarshen wata, me ba zai kai ba. Sai in buɗe buhun shinkafa in auna da ido, in rufe, in dawo in sake buɗewa ko ta ƙaru. Ita kuma Inna, in na kai mata ƙwan, sai ta gutsuri gefe ta ture ta ce yau bakinta ba daɗi. Duk yini tana kwance tana jan carbi, in ta tashi sai da nishi. Wani lokaci ta ce, "Auta, na ga kin rame." In ce ai rage ƙiba nake yi, yanzu shi ake yayi.

Ranar komawa asibiti ta zo. Aka ɗebi jini, muka zauna jira a dogon bencin nan da ke manne wa mutum a cinya. Da aka kira mu likita ta duba sakamakon, ta cire tabarau ta ce, "Me kuke ba ta?" Jinin bai motsa ba. Ba za a yi aiki ba. A ƙara wata guda, kuma wannan karon, in ji ta, a gaban Inna, a ba ta ƙwai da madara da hantar da ta ce tun farko, ba ado ba ne, magani ne.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Muna fitowa na koma kan bencin na zauna. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ina yi ina surutai, wai gishiri, wai ashana, wai ni na haukace ko mijina ne ya haukace. Mutane suna wucewa suna kallona, sun ɗauka mutuwa aka yi mana.

Inna ta bari sai da na lafa. Sannan ta ce, "Wato magani ne?"

Na gyaɗa kai.

"To da kin faɗa mini magani ne, ai da na toshe hanci na shanye. Ni na ɗauka ƙaryar arziki kuke yi mini."

Na ɗago ina kallonta, ban gane ba.

Ta ce, "Ni ce. In na tashi alwalar asuba nake canzawa. In ɗauke na tsadar in sa na arahar. Gishirin juye shi nake a kwalba in sami ledar. Gwangwanayenki suna ƙarƙashin katifata, duk sun hana ni barci."

"Inna! Ke da ba kya iya miƙewa?"

"Ciki ne ke ciwo, ba ido ba. Kwana nawa na yi ina kallon yaron nan yana kwashe shara yana zubawa a jakar aikinsa? Na ce ko dai taɓin hankali ne, ko da dalili. Sai na ga abin da ya ɗauka da safe shi yake dawowa da shi da yamma." Ta gyara mayafinta. "Kuma wace irin kaza ce da ku, da take yin ƙwai ɗaya tak, kullum kuma nawa ne? Ina jin ƙarar cokali kina kankare tukunya. Ni na haife ki, Auta. In kin ƙoshi surutu kike, wata guda ke nan ba ki da magana."

Na ce, "Kin san har zargin Malam na yi? Kin san na daina gaisawa da mai kitso?"

Ta ce, "Wannan kuma halinki ne, ba ni na sa ki ba."

Sai na ga tana lanƙwasa yatsu tana kallon ƙofar fita, na san me take lissafawa. Wata guda tana gudun kada ta yi mana nauyi, ga shi ta jawo wani watan da hannunta. Ta ce a hankali, "Gobe akwai motar safe ko?"

Nan na ajiye duk wani rufin asiri. Na kama hannunta na ce, "Inna, ba mu da shi. Ga gaskiyar da kike so. Wake muke ci, shayinmu baƙi ne, surukinki a ƙasa yake dawowa. Amma in kika tafi da abin nan a cikinki, wallahi ko naman duniya aka tara mini ba zai wuce maƙogwarona ba. Ki zauna ki yi mana nauyi. Ina roƙonki."

Idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin mayafi tana cewa fankar asibitin nan ta cika ƙarfi.

"Zan zauna," in ji ta. "Amma da sharaɗi. Daga yau an daina cin abinci a tsaye a kicin kamar ɓarayi. Kwano ɗaya za mu ci, ni da ke. Abin da na ci ki ci. Kika tsame hannu, na tsame nawa."

Na buɗe baki in ce mata ƙwan fa guda ɗaya ne, kuma nata ne, rabin ƙwai ba zai kai jininta inda likita ke so ba. Ta riga ta miƙe tana dafa kafaɗata.

"Tashi mu je," ta ce. "Yunwa nake ji, kuma na san kin fi ni."