Maman Kevin Ta Ce A Rubuta

"Ɗaga wayar sama kaɗan, Maman Jamila. Haɓata kawai suke gani."

Hadiza ta ɗaga. Hannunta ya riga ya yi tsami, ga tukunyar zoɓon da ta baro a kan wuta. Amma tunda ciwon ƙoda ya kwantar da maƙwabciyarta Scholastica, wadda duk layinsu a Barnawa ke kira Maman Kevin, hannun baiwar Allah ba ya iya riƙe ko kofin shayi. Dole wani ya riƙe mata.

Fuskokin maza ne a jikin wayar, kowa a cikin ɗan akwatinsa. Taron kwamiti ake yi. Bayan ta yi ritaya daga aikin binciken kuɗi, aka sa Maman Kevin a kwamitin da ke sa ido kan wata hukumar gwamnati mai ajiye allurar rigakafi. Ba ma'aikaciyarsu ba ce, shi ya sa aka ɗauko ta, don a samu mai faɗin gaskiya ba tare da tsoron oga ba. Tun bara take maganar abu ɗaya: janareton ɗakin sanyi ya lalace, in aka ɗauke wuta magani yana ɗumama, kuma haka ake raba shi asibitoci.

"Madam, ki huta," in ji shugaban taron. "An ce mana an gyara. Mu amince da rahoton kawai."

"Wa ya ce?"

"Darakta."

"Daraktan da aka ce mu sa wa ido? Cikinku wa ya je ya gani?"

Wayar ta yi shiru. Hadiza ta ɗauka netwok ne, har ta fara jijjiga ta.

"Bar ta, suna ji," in ji Maman Kevin. Ta tattaro numfashi da ƙyar. "Ban amince ba. A rubuta cewa ban amince ba, da sunana."

Aka amince da rahoton duk da haka. Da aka kashe wayar, ta jingina kai da kujera, gumi na bin wuyanta.

"Wai me kike samu a wannan wahala?" Hadiza ta tambaya, tana gyara mata filo. "Ke ba lafiya ba, su ba ji suke ba."

"Na gaji, Maman Jamila. Gaskiya na gaji. Amma jikarki a ina aka yi mata allura?"

Hadiza ta ajiye mata wayar a kan cinya. Ta koma gida ta tarar zoɓon ya ƙone.

Daga ranar jikin Maman Kevin ya ƙi. Ƙafafu suka kumbura har silifa ba ta shiga. Ɗanta Kevin ya zo daga Abuja, ya yi ta kai ta wankin ƙoda yana dawowa da ita. Matan coci suna zuwa da yamma su yi waƙa ƙasa-ƙasa, Hadiza kuma ta kawo kunun gyaɗa, ta ba ta a cokali. Wani lokaci ta sha, wani lokaci ta kawar da kai. Ba ta ƙara maganar kwamiti ba, sai rannan da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ta buɗe ido ta kalli silin, ta yi tsaki, ta sake rufewa.

Da hantsi Maman Kevin ta cika, ranar wata Talata. Hadiza na shanya a tsakar gida ta ji kukan Kevin ta kan katanga. Ta zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ta daɗe ba ta tashi ba.

Ranar jana'iza hukumar ta aiko da rumfa da kujeru. Darakta da kansa ya zo, ya karɓi lasifika ya ce sun yi rashin uwa, mace mai gaskiya wadda ba a taɓa samun saɓani da ita ba. Hadiza ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Ana watsewa wani ma'aikaci mai gilashi ya matso kusa da ita. Ya ce sunansa Derrick, shi ke rubuta bayanan taron kwamiti.

"Hajiya, ke ce mai riƙe mata waya, ko? Na sha ganin hannunki."

"Ni ce."

"Na rubuta abin da ta ce. An so in cire, na ce ya riga ya tafi wurin manya."

"To, an gyara janareton?"

Ya cire gilashin ya goge da gefen rigarsa. "An turo mutane sun duba. Sun ce za a kafa wani kwamiti."

"Allah Ya kyauta," in ji Hadiza.

Da la'asar aka naɗe rumfar, motar hukuma ta kwashe kujerunta ta tafi. Hadiza ta shiga gidan don ta ɗauko kwanukanta. A bayan kicin ta ga tumatirin da marigayiyar ta shuka a cikin tsofaffin bokitai, ganyen duk ya yi laushi. Ta ajiye kwanukan a ƙasa, ta ɗebo ruwa a buta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa.