Allurai Goma Sha Biyu

Matar tela ba ta tsaya neman abin hawa ba. Daga ƙofar asibiti ta taka da ƙafa har layin shaguna, zuciyarta na tafarfasa, domin ta baro mijinta kwance da robar iska a hanci, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Sau uku likita yana tambayarta wane magani ya sha, tana cewa ban da abin shaƙarsa na asma ba ya shan komai. Sai da numfashi ya ɗan dawo masa ya ce da ƙyar, "Na mai aski." Likita ya ce a kawo kwalin yanzu-yanzu.

Mai aski maƙwabcin shagonsu ne, shekara ashirin bango ɗaya ya raba su. Kowa ya san hannunsa ya taɓa rawa har ya kusa ajiye reza, kafin asibiti su ɗora shi kan wasu ƙwayoyi. Ta same shi yana kaɗe gashi daga wuyan wani, ko sallama ba ta yi ba.

"Malam, yaushe ka zama likita?"

Mutumin da ake wa askin bai ga ta zama ba, ya zame da tawul a wuya.

"Uwargida, wallahi roƙona ya yi. Biyu kacal na ba shi. Na ga ni ya yi mini amfani."

"Tabaranka ma yana maka amfani, ka cire ka ba makaho mana. Ka san yana da asma, kai ne kake miƙa masa abin shaƙa in ta motsa. Likita ya ce cikin maganin rawar hannu akwai wanda ke shaƙe mai asma. Kai an auna ka, an saurari ƙirjinka, sannan aka rubuta maka. Shi wa ya auna shi? Kai da almakashinka?" Ta ja numfashi. "Kuma me ya haɗa shi da maganin rawar hannu? Hannunsa lafiya lau."

Mai aski ya ciro mabuɗi daga aljihu, ya buɗe shagon tela, ya nuna mata kan keken ɗinki. Guntun soso ne, an soke masa allurai goma sha biyu a jere, kowace da zarenta a zure, baƙi, fari, shuɗi.

"Wata huɗu ke nan," in ji shi. "Kullum da safe ni nake zura masa, har ta keken. Ya ce kada ki ji. Jiya ya ce ya gaji da roƙon wani ya zura masa allura."

Nan ta tuna rigunan da shayi ya ɓata, da yadda ta riƙa ce masa, "Kai sai ka ce yaro." Ta tuna ya daina cin abinci a gabanta, wai ya ƙoshi a shago. Fushin bai tafi ba, ƙaruwa ya yi, ya rabu gida uku, kuma kaso mafi zafi nata ne.

"Wata huɗu kana da bakin da za ka ce ya je asibiti," ta ce. "Ka zaɓi ka rufa masa asiri. Saura ƙiris rufin asirin nan ya zama likkafani. Ba ni kwalin."

Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta tarar da likita a bakin gadon. Ya duba kwalin, ya gyaɗa kai, ya ce shi ne, kuma kada tela ya ƙara kusantarsa, ko rabin ƙwaya.

"Likita, saura abu ɗaya," ta ce. "Hannunsa yana rawa. A duba masa wanda ya dace da ƙirjinsa."

Tela ya yi wuf ya cusa hannun dama ƙarƙashin bargo, ya juya fuska bango. Ta yaye bargon, ta kamo wuyan hannun ta ɗago shi.

"Ka ɓoye mini, ka kusa bar mini marayu. Bar shi ya yi rawarsa likita ya gani."

Yatsun suka yi ta kaɗawa a cikin tafinta. Likita ya gama dubawa ya wuce gado na gaba, ita kuwa ba ta saki ba.