Hula Ashirin da Biyu

Verna Zwicker tana ɗaura igiyar takalmi Hattie ta faɗo ɗakin, ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Hattie ce shugabar matan cocin da ke karɓar baƙin ma'aikatan jirgin ruwa a Halifax, mace ce mai baki kamar reza. Ta ce an ga baƙon da ya ɓace musu jiya, yana tsare a ofishin shige da fice, jirginsu kuwa ya tashi tun da asuba.

Jiya Lahadi suka kwashi ma'aikatan wani jirgin Fotugal zuwa gonakin tuffa shan iska, kamar yadda suka saba duk bazara. Kowane baƙo akan ba shi jar hular ulu da matan suka saƙa, da ita ake gane nasu a cikin taro. Aikin Verna ɗaya ne tak, ta ƙirga huluna kafin bas ta tashi. Ta ƙirga ashirin da biyu cif. Sai da suka iso bakin ruwa ta lura Wendell direba ya kafa ragowar hula ɗaya a kan sanƙonsa saboda sanyi. Ashe har da shi ta ƙirga, sun baro baƙo ɗaya a gona, amma ba ta gaya wa kowa ba, ta tafi gida.

"Ke dai ki kai masa miya ki dawo," in ji Hattie. "In kyaftin-kyaftin ɗin nan suka ji mun yar da mutum a gona, wallahi ba mai ƙara ba mu ko mai wanke tukunyar jirgi mu fita da shi. Shekara goma sha tara muna wahalar nan, Verna."

A bas ɗin cikin gari Verna ta rungume kwanon miya, kunya tana cin ta. Ta san abin da ke jiran wanda aka rubuta wa gudu daga jirgi. Za a ƙwace littafin aikinsa, kuma babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa.

Sunansa Abilio, dattijo ne mai furfura, hannuwansa duk kanta. Jami'in ofishin ya ce wani manomi ne ya tsince shi yana tafiya a ƙasa a bakin titi. Ya buɗe takarda, ya tambaye ta ko sun bincika kafin su taso. Ta ce ta ƙirga, ashirin da biyu. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi damun ta ke nan. Jami'in ya rubuta, ya ce to laifin Abilio ne.

Abilio ya miƙe. Da 'yan kalmomin Turancin da ya iya ya ce shekara talatin yana kan ruwa bai taɓa makara ba. Inuwar bishiyar tuffa ce ta yi daɗi, irin ta gonar mahaifinsa, barci ya sace shi. 'Ya'yansa huɗu, bai san abin da zai rubuta musu ba. Sai ya kama hannunta da nasa biyu.

"Mama, kun ba mu abinci, kun kai mu wuri mai kyau, ni kuma na ɓata muku rana. Ki yafe mini."

Jami'in ya ɗaga kai yana jira, bai rufe alƙalaminsa ba tukuna. Verna ta dubi alƙalamin.

"Na yafe maka," ta ce.