Idon Baba Mala

Shekarar da tsuntsun jan baki ya sauka a fadamar Baturiya, kowa ya koma tsaron gona. Umara yana kan rumfar tsaro da majaujawa, yana jifan tsuntsu da curin busasshiyar laka. Bai ga Mala, uban matarsa, ya ratso ta cikin dawa ba. Salatinsa kawai ya ji, curin ya same shi a ido.

Tunda ya auri Saude bai taɓa kallon fuskar surukinsa ba. Ranar ma bai kalla ba. Ya kama hannunsa ya kai shi gida, kansa a sunkuye. Mata suka ɗiga wa tsohon nono a ido, suka zizara kwalli. Da Mala ya ce komai ja yake gani, Umara ya ɗora shi a jaki sai ɗakin shan magani na Haɗeja.

Malam Buba, mai ba da magani, ya zaunar da tsohon a bakin taga, ya ɗaga fatar idon.

"Baba, me ya same ka?"

"Ƙaya ce."

"Ƙaya? Ni jini nake gani kwance a ƙasan baƙin idon, irin na bugu. In ƙaya ce kuwa, sai na tono tsininta, kuma idon zai iya tafiya."

"Na ce maka ƙaya."

Umara yana tsugune a bakin ƙofa. Tsohon rufa masa asiri yake yi, da idonsa. Ya ji ƙarar hantsaki a cikin tasa.

"Malam, ajiye," in ji Umara, idonsa a ƙasa. "Majaujawata ce."

"To, da ka yi shiru, da na tona lafiyayyen wuri. Taso ka riƙe min kansa."

Babu wajen gudu. Ya tallabi fuskar da hannu biyu, ya ga kumburin, ya ga jinin. Malam Buba ya wanke kwallin tas, ya naɗe idanun biyu da ƙyalle.

"Idon bai fashe ba. Jinin zai janye in ka kwanta kai a sama. Ba jaki, ba sunkuyo, salla ma a zaune."

Mala ya yi tsaki. "Malam, yaron nan ya wuni yana jifa, tsuntsu ko ɗaya bai samu ba sai ni."

Malam Buba ya yi dariya. Umara bai yi ba.

"To, ka dai ga fuskar," in ji Mala. "Sakar min kunne."